Zurfawa da Tudawa: Kundin Aikin Gina Duniyar Ƙarƙashin Teku Daga Jos

4 ga Janairu, 2025

Yau na sayi sabon littafin rubutu mai bango mai kauri a Taminus, na rubuta sunaye biyu a shafin farko: Zurfawa da Tudawa. Shekara kusan biyu ke nan labarin yana yawo a kaina, yanzu na ƙudura zan zauna in gina duniyarsa tubali bayan tubali kafin in taɓa babi na ɗaya. Sanyin bana ya sa sai da na hura gawayi a kasko na ajiye kusa da ƙafata kafin yatsuna suka yarda su riƙe biro.

Ga ƙashin bayan labarin. Ƙanƙarar duniya ta narke, teku ta cika ta haura ƙasa, gwamnatoci sun rushe. A labarin ana kiran wannan Babbar Cika. Mutanen gaɓa sun rabu biyu: wasu sun hau tudu, wasu sun nutsa suka gina gari a ƙarƙashin ruwa. Bayan shekara 300 jikokinsu suna yaƙi da juna.

Abu na farko da na duba shi ne iyakar inda ruwan zai kai. Masana sun ce ko da duk ƙanƙarar duniya ta narke, teku ba za ta ɗagu fiye da mita 65 zuwa 70 ba. Jos kuwa tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, duwatsun Shere sun kai wajen 1,800. Ke nan ruwan ba zai ko leƙo mu ba. Legas da Warri da Fatakwal za su nutse, teku ta biyo kwarin Neja har wajen Lokoja. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin Filato ta zama mafakar Tudawa ba tare da na tilasta wa taswira komai ba. Duwatsun Riyom da nake wucewa tun ina yaro sun zama ganuwar babban birninsu.

19 ga Janairu

Na kai wa maƙwabcinmu littafin, malamin kimiyya ne a wata sakandare. Da ya ga na ajiye birnin Zurfawa a zurfin mita 4,000, sai ya aiki ɗansa ya kawo gorar ruwa ta roba da ƙusa. Ya huda ta wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ya cika ta. Ruwan hudar sama yana ɗiga kamar ba ya so, na ƙasa kuwa ya yi tsartuwa har kan takalmina.

"Ka gani?" ya ce. "Wannan gora ce da ba ta kai kamu ɗaya ba. A teku, kowace mita 10 da ka sauka, an ƙara maka nauyi daidai da na duk iskar da ke kanmu yanzu. Lissafa mita 4,000."

Na ce, "Sau 400 ke nan, Malam."

"To da me za ka gina musu ɗaki?"

Mun kai har kiran magariba a kan wannan. Mafitar da muka tsaya a kai ita ce wadda masu nutso na kamfanonin mai suke bi a zahiri: ba a hana matsin shiga ɗaki, ana daidaita iskar cikin ɗakin da matsin ruwan waje, jikin mutum ya saba. Sai dai akwai farashi. Iskar da ta narke a jinin mutum a ƙasa, in ya hau da sauri, takan yi kumfa a jijiyoyinsa kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, wani lokaci ajali. Shi ya sa masu wannan aiki suke hawa a hankali, kusan kwana guda a kan kowace mita 30, da ƙarin kwana ɗaya a kai.

Na dawo da birnin zuwa mita 150. Ma'ana Bazurfe yana buƙatar kamar kwana shida kafin ya shaƙi iskar sama lafiya. Da na rubuta wannan layin sai na ajiye biro, don na ga ya sauya yaƙin gaba ɗaya. Babu harin ba-zata daga ƙasa. Babu mayaƙan da za su ɓullo daga ruwa da asuba su ƙone gari su koma kafin hantsi. Shafi takwas na irin wannan harin na yage.

Abin da ya rage a buɗe: a wannan zurfin iska ta yau da kullum tana bugar da mutum kamar maye, dole a gauraya da hiliyom, wata iska marar nauyi da ake tacewa daga iskar gas. Na sa alamar tambaya kusa da tsoffin rijiyoyin gas na Neja Delta.

2 ga Fabrairu

Tsarin sarauta. Tunda numfashi ƙera shi ake yi, ta hanyar raba ruwa da wutar lantarki kamar yadda jiragen ƙarƙashin ruwa suke yi, mai riƙe da injin ya fi mai rawani ƙarfi. Na ƙirƙiro Sarkin Numfashi, da harajin da kowane gida ke biya bisa yawan hancin da ke cikinsa. Haihuwa sai da izini. Akwai Magajiya mai kula da gonakin ciyawar teku a saman birni inda haske ke isa, akwai Madaki. Hukunci mafi tsanani a wurinsu shi ne a ce wa mutum "hau".

22 ga Fabrairu

Ƙanwata ce ke yi mini zane. Ta kawo hoton Sarkin Numfashi cikin jar alkyabba, ta yi kyau har na ji nauyin faɗa mata matsalar. Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya, kuma ja ne ke fara tafiya, cikin mitoci kaɗan na farko. Shuɗi ne ke daɗewa. Wajen mita 200 hasken rana ya yi rauni har tsiro ba ya iya rayuwa da shi, daga mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin. A inda Zurfawa suke, jar alkyabba baƙa ce a ido, jini ma in ya fita ba ja ake ganinsa ba.

Ta yi shiru tana kallon zanen, sannan ta ce, "To Yaya, ai sai ya zama ja launin sirri ne. Ba mai ganinsa sai wanda ya matso da fitila."

Wannan magana ta fi duk abin da na rubuta a makon. Yanzu a al'adar Zurfawa amarya ce ke sa ja, jama'a suna ganinta cikin baƙi a hanya, ango kaɗai ke ganin ainihin launin in an kunna fitilar ɗaki. 'Yan leƙen asiri ma ja suke sawa, kuma wannan ba ƙage ba ne, halittu da yawa na zurfin teku jajaye ne saboda ja ɓuya ce a can.

Mun taɓa batun harshe. Sauti yana gudu a ruwa kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, amma kunnen mutum ba ya gane daga ina ya fito. Magana da baki a waje ba ta yiwuwa. Sai na tuna da kalangun mahauta, yadda makaɗi ke matse tsarkiya ya sassauta har ka ji sunan mutum da kirarinsa a cikin kiɗan. Harshe mai hawa da saukar murya irin namu yana kaɗuwa. Zurfawa suna buga bututun ƙarfe da ke haɗa unguwanni, kowane gida da takensa, kuma yaro yakan iya taken gidansu kafin ya iya tafiya.

Na kuma sauya sunan birnin. Da Birnin Murjani ne, sai na gano tekun Gini ba ta da manyan duwatsun murjani irin na wasu tekuna, saboda ruwan koguna da laka da ke kwarara cikinta. Yanzu sunansa Kwance.

14 ga Maris

Azumi ya rage mini lokacin rubutu, sai bayan tarawihi nake samun awa ɗaya. Amma wannan makon ne na samo abin da na fi wata biyu ina nema: me suke faɗa a kai?

Da farko na rubuta cewa ƙiyayya ce ta gado. Ban gamsu ba. Ƙiyayya ba ta ciyar da runduna shekara da shekaru, sai akwai abin da ake ci a ciki ko abin da ake tsoron rasawa.

Na je Bukuru gaida Kawu. Ya yi aikin kuza tun yana saurayi, har yanzu tafin hannunsa kamar fatar ganga. Muna jiran shan ruwa na ba shi labarin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai yaro, mutanen naka na ruwa, da me suke ƙira?"

Ban da amsa. Ba a hura wuta a ruwa, kuma a ɗakin da ake sayen numfashi da haraji babu mai barin maƙera ta cinye iska. Ke nan Zurfawa ba su da maƙeri ko ɗaya. Duk ƙarfen da ke birninsu daga sama ya zo. Baƙin ƙarfe kuma ruwan gishiri yana cinye shi da tsatsa. Abin da ke jurewa shi ne tagulla, shi ya sa ake yin farfelar jiragen ruwa da ita, ita kuwa tagulla haɗin jan ƙarfe ce da kuza. Kuza kuma tana ƙarƙashin ƙafar Tudawa.

Na roƙi Kawu ya nuna mini yadda ake wankin. Ya sa aka kawo masa tsohuwar ƙwarya, ya ɗebi ƙasa a bayan gida, ya zuba ruwa yana juyawa a hankali yana karkata bakin ƙwaryar. Jar ƙasar tana bin ruwa tana fita, abu mai nauyi yana zama a gindi. "Kuza ba ta gudu," ya ce. "Ita ce ke zama, baƙa, mai nauyi. Sauran duk ruwa ke tafi da shi." Na tsaya ina kallon jan ruwan yana gangarawa ta kwata zuwa waje, na tambaye shi ina yake zuwa. Ya ce, "Wa ya taɓa tambaya?"

A mota ina dawowa na kasa daina tunanin wannan. Filato uwar koguna ce. Kogin Kaduna daga nan ya taso ya faɗa Neja. Gongola daga nan ta taso ta faɗa Binuwai. Neja da Binuwai suna haɗuwa a Lokoja, wadda a labarina ita ce bakin teku. Dilimi da ke ratsa garinmu ce ta nufi wajen tafkin Chadi. Duk ƙwaryar da Batude ya wanke a gefen kudu da yamma, lakarta tana kan hanyar zuwa kan rufin Bazurfe.

Laka kuma ba ta zama lafiya a ƙarƙashin teku. Tana taruwa a bakin gangare har ranar da za ta zabtare ta gangara kamar ambaliya. A watan Janairun 2020 irin wannan ta faru a kwazazzabon da ke bakin kogin Kwango, lakar ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a ƙasan teku, ta tsinke wayoyin intanet. Yau kuma shekara guda cif da ranar da wasu wayoyin suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, muka wuni a Jos tura kuɗi ta waya yana gagara. A ranar ne na fara yarda cewa abin da ke faruwa a ƙasan teku yana iya taɓa mai shago a Unguwar Rogo.

Ga musabbabin yaƙin, na rubuta shi da manyan baƙaƙe. Zurfawa suna neman ƙarin kuza don faɗaɗa Kwance. Tudawa suna ƙara wanki don su biya buƙata. Laka ta ƙaru. Wani dare ta zabtare ta binne unguwa guda da mutanenta. Zurfawa suka ce hari ne, an turo musu ƙasa da gangan. Tudawa ba su ma san an yi ba, sai da ayarin gishiri ya daina zuwa.

17 ga Maris

Abin da Tudawa ke karɓa: gishiri, busasshen kifi, da garin ciyawar teku. Na ƙarshen ya fi muhimmanci. Mutanen tudu masu nisa da teku sukan rasa sinadarin aidin, maƙoƙo ya fito musu a wuya, shi ya sa ake zuba shi a gishirin da muke saya. Bayan Babbar Cika babu masana'anta. In Zurfawa suka rufe hanya, ba a ganin illar nan take, sai bayan shekaru, a wuyan mata da lafiyar jarirai.

6 ga Afrilu

An yi sallah lafiya. Na ba ƙanwata shafuka 40 na tarihin ɓangarorin biyu ta karanta, ta dawo mini da su ba fara'a.

"Yaya, Zurfawanka suna da waƙa da biki da sunayen unguwanni. Tudawa kuwa ba su da komai sai gatari da yunwa. Ka riga ka zaɓi wanda za mu tausaya wa."

Na so in yi musu, na koma na ƙirga. Shafi 31 na Zurfawa, 9 na Tudawa, kuma a cikin taran babu inda uwa ta yi wa ɗanta wasa. Na ɗauko hoton da aka saba gani na waɗanda suka tsira bayan rushewar duniya, masu tsumma da ƙazanta da cin naman juna, na manna wa mutanen da na ce a duwatsunmu suke zaune.

Abin ya dame ni fiye da kuskuren rubutu. Ina ƙaramin yaro aka yi rikicin Satumbar 2001, na kuma ga na 2008 da na 2010 da idona. Na san yadda gari ke tsagewa, unguwa ta zama ta su wane, titi ya zama iyakar da mai acaba ke tsayawa ya ce daga nan ba ya wucewa. Na san kuma yadda kowane ɓangare ke ba da labarin ɗayan: mutane marasa fuska, marasa dalili, da suka wayi gari kawai suka zo. A gidajen da ke can hayin ma haka ake ba da labarinmu. Ni da na tashi a cikin wannan, bai kamata a ce na zauna da hannuna na sake ƙera shi a takarda ba.

Na ware makonni uku ga Tudawa kaɗai.

27 ga Afrilu

Ruwan sama ya sauka, gari ya yi sanyi mai daɗi. Tudawa sun samu jiki. Suna noman acca da dankali a kan matakalar dutse, suna shinge gonaki da kyarana kamar yadda ake yi a ƙauyukan Filato. Tafkunan da haƙar kuza ta bari su ne rumbun ruwansu na rani, kowane tafki da dangin da ke gadinsa. Maƙera ne manyan gari, kuma na je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, na daɗe a gaban kawunan yumɓu na Nok. Mutanen wannan yanki sun narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. In duniya ta rushe, ba daga sifili jikokinsu za su fara ba.

Na kuma ba su nasu labarin asali. Zurfawa suna cewa, "An rufe mana ƙofar tudu, muka nutsa." Tudawa suna cewa, "Masu hali sun shige jiragensu da injina da likitoci, suka bar mu da ƙafa." Duka biyun sun faru. Na yanke shawara littafin ba zai taɓa raba musu gardama ba.

18 ga Mayu

Jiya da sassafe na raka Inna Farin Gada sayen kayan miya. Na tsaya gefe ina kallon wata manomiya da ta sauke buhunan kabeji da karas, da dillalin da ya tare ta. Ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, wataƙila unguwar ɗaya ba ta shiguwa ga ɗayan bayan magariba. Ya ce mata, "Mama, kin makara yau." Ta ce, "Motar ce ta lalace, ɗana. Ina cikon kuɗina na wancan mako?" Ya zaro ya ƙirga mata ba tare da ya duba takarda ba.

Nan na gane jarumin labarin ba Sarkin Numfashi ba ne, ba kuma shugaban maƙera ba. Kwana shidan nan na hawa da muka lissafa da Malam, dole a yi su a wani wuri. Na zana hasumiya daga Kwance zuwa saman ruwa mai zaure shida, matafiyi yana kwana ɗaya a kowanne. Masu kula da zaurukan su ne fatomai, irin masu masaukin fataken goro na da, waɗanda ke saukar da baƙo, su ciyar da shi, su yi masa tafinta, su tsaya masa a ciniki. Suna jin kiɗan bututu, suna jin harshen tudu, kuma kowane ɓangare yana zarginsu da zama 'yan leƙen asirin ɗayan. A zaure ba ka da ikon fita ko da maƙiyinka ne ke kwance a tabarmar kusa da kai, domin ƙofar sama ajali ce kafin lokaci ya cika.

Jarumar yanzu 'yar fatoma ce a zaure na uku. Uwarta Batudiya, ubanta Bazurfe.

8 ga Yuni

Inda aiki ya tsaya: taswira uku, tarihin ɓangarori shafi 74 kusan rabi da rabi, zane 12, kalmomin kiɗan bututu 60.

Malam ya sake duba taswirar ya nuna mini wata matsala. In bakin teku ya koma Lokoja, yawancin lakar za ta kwanta a kwarin da ruwa ya cinye, da nisa kafin ta isa Kwance. Ko dai in matso da birnin, ko in haƙa kwazazzabo a taswira da zai ja lakar zuwa can. Na fi karkata ga na biyu. Batun hiliyom ma yana nan da alamar tambayarsa.

Na fara babi na ɗaya daren jiya, shafi huɗu. Yarinyar tana shara a zaure na uku, sai ta ji bututu yana kaɗa taken wata unguwa, ana maimaitawa ba amsa. A zauren akwai baƙi biyu da suka kwana: maƙerin tudu mai sauka da kayan tagulla, da wata tsohuwa Bazurfiya mai hawa, wadda taken gidansu ne ake kaɗawa. Gobe zan koma Bukuru in tambayi Kawu nauyin buhun kuza da mutum ɗaya zai iya saukowa da shi ta tsani, don in san abin da maƙerin ke ɗauke da shi.